Ruwan Bahon Ƙarshe

Tela ne ya tare ta a gindin matakala, tef ɗin awo a rataye a wuyansa, allurai a bakinsa. Sai da ya zare su ɗaya-ɗaya ya soke a hannun riga kafin ya gaishe ta, sannan ya nuna mata silin ɗin shagonsa da haɓa. Tabon ruwan ya ƙara faɗi, yana ɗiga cikin bokitin da ya tara kusa da keken ɗinki.

"Malama, yau ma fa," ya ce. "Ba ƙara nake kawowa ba. Amma yadin mutane ne a nan."

"Zan turo mai gyara ya duba bututun."

Ya ce to. Ya san bututu lafiyarsa ƙalau, ita ma ta san ya sani, amma da yake mutumin kirki ne sai ya mayar da alluransa baki ya koma kan keke.

A saman benen, ɗaki da falon da uwarta take ciki tun Baba yana da rai, ta tarar da abin da ta saba tararwa. Famfon kicin a buɗe, tsumma ya toshe magudana, ruwa ya tumbatsa ya bi tayil har ƙarƙashin kujeru. Gari ya waye tas amma fitilu duk a kunne. Inna kuwa tana zaune a bakin gado, ta yi wanka ta ɗaura kallabinta daidai, tana ninke wata tsohuwar leda a kan cinya, a hankali, kamar kayan sawa.

"Auta, kin zo? Wa ya bar ruwa yana zuba?"

"Famfon ne ya saki, Inna."

"To a gyara mana. Kin tsaya kina kallona."

Malama ta rufe famfo, ta cire takalmi, ta ɗauki tsumma. A farkon abin, in ta durƙusa tana matse ruwan nan, kuka take yi. Yanzu ba ta yi. Kukan ya ƙare mata a wani wuri cikin watannin nan ba tare da ta lura ba, abin da ya rage sai aiki: a matse, a zubar, a kashe fitila, a juye abincin da ta zo da shi a kula. Ta laluba jakarta ta tabbatar kan tukunyar gas yana nan, inda take ɓoye shi tun ranar da ta tarar da tukunya ta ƙone ƙurmus a kan wuta. Ta buɗe firji ta ga gorunan ruwan Inna a jere, ruwan ya ɗan yi duhu-duhu, ta ce a ranta ruwan famfon unguwar nan dai sai a hankali. Daga nan ta wanke hannu ta tafi makaranta, ta je ta koya wa 'ya'yan mutane tattalin ruwa.

Abin dariya ne, in da akwai mai yin dariyar. Wannan Innar ce fa ta raine su a kan cewa ɗigo ɗaya in ya faɗi a banza sai an ji dalili. Guntun sabulu ba ya mutuwa a gidansu, tara su take a tsohuwar safa a yi wanki da su. Gwangwanin madara ya zama mazubin gishiri, in ya yi tsatsa a huda gindinsa a yi shuka a ciki. Riga in ta gaji ta koma matashi, matashi ya koma tsumma, tsumma ya ƙare a murhu. Baba yakan ce da Inna za ta samu hanya, tururin tukunya ma sai ta kama shi ta adana. Yau ga ta, ita ce mai jiƙa wa tela yadi.

Ban da tela babu wanda ya san halin da ake ciki. Yaya, babban wanta, yana can wani gari mai nisa, da ɗaki a shirye a gidansa tun bayan rasuwar Baba. Ya faɗa a fili, kuma ba da mugunta ba, cewa duk ranar da Inna ta kasa kula da kanta, ranar zai zo ya ɗauke ta. Malama ba ta da inda za ta sa ta. Ita da maigidanta da yara ƙanana a matse suke, ko wurin shimfiɗa katifa babu. Ta gwada kwana a wurin Inna, abin bai ɗore ba. Inna kuwa, tun hankalinta yana cikakke, ta taɓa riƙe mata wuyan hannu ta ce, "Auta, a ɗakin nan ubanku ya cika. Kada ki bari a fitar da ni da ƙafata." Malama ta ce ta ji, ta kuma yi alkawari. Alkawarin nan shi ne yake tashinta kullum da sassafe.

A makarantarsu ita ce mai darasin kula da muhalli, kuma a manhajar ajinta akwai wani babi da ake kira Jiya da Yau, inda yara ke kwatanta yadda mutanen da suke amfani da ruwa da wuta da kayan gida, da yadda ake yi yanzu. Shekarun baya Malama ta ga allo kaɗai ba ya shiga kan yara, sai ta kawo Inna aji ta yi musu wanke-wanke da bokiti guda. Abin ya karɓu fiye da zatonta. Tun daga nan duk shekara sai an yi, har Shugabar makaranta ta mayar da shi abin tinƙahonta, in baƙi sun zo shi take fara ba su labari.

"Kakarmu fa?" in ji Shugaba da suka haɗu a baranda. "Jibi ne ko? Na riga na sanar da iyaye."

"Ba ta jin daɗi sosai bana. Ciki yana damunta."

"Haba Malama, ai ba noma za ta yi ba. Mota zan tura."

Da yamma kuma sai ga wayar Yaya. Ya ce ya ji a bakin 'yan uwa wai Inna ta rame, wai ciwon cikin nan ya ƙi tafiya, wai an gaishe ta a hanya ta kasa gane mai gaisuwar. Malama ta ce tsufa ne kawai, kuma mutane ba sa rasa abin faɗa.

"To shi ke nan," ya ce. "Ina da aiki kusa da ku jibi. Ba ranar ce take zuwa makarantarku ba? Zan biyo in gani da idona."

Ta ce Allah ya kawo shi lafiya. Ta ajiye wayar, ta ci gaba da yanka albasa. Ta san ya kamata gabanta ya faɗi, ta ɗan saurara ko zai faɗi, bai faɗi ba.

Ran darasin, tun a mota Inna take tambayar ina za su. Malama ta faɗa mata, can an jima ta sake tambaya, ta sake faɗa mata da murya ɗaya, direban Shugaba yana satar kallonsu ta madubi. A aji an tura tebura gefe, an jera baho uku da bokitin ruwa, ga tarin kwanuka da kofuna da tukunya da aka aro a wurin mai sayar wa yara abinci, duk maiƙo. Iyaye kaɗan sun zo. Shugaba ta ɗaga waya tana ɗauka tun ba a fara ba. Yaya yana can baya a kujerar ɗalibi, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

Malama ta raba allo biyu, ta rubuta JIYA a gefe, YAU a gefe. Ta ce su fara da yau, kowa ya faɗi gaskiyar gidansu. Ai kuwa kamar jira suke.

"Mu famfo a buɗe muke barinsa har mu gama goge baki."

"Babanmu da tiyo yake wanke mota, har titi sai ya jiƙe."

"Ko ƙwai ɗaya muka saya sai an sa mana a leda."

"Yayarmu in ta shiga wanka sai ruwan tanki ya ƙare!"

Aka yi dariya, uwar mai maganar ta rufe fuska da mayafi. Malama ta rubuta duka. Ta faɗi abin da take faɗa duk shekara, cewa abin da muke zubarwa ba namu ba ne mu kaɗai, akwai rabon maƙwabci a ciki, akwai na waɗanda ba a haifa ba tukuna; cewa mutanen da ba su fi mu wayo ba, sun dai san nauyin bokiti ne don su suke ɗaukarsa. Tana jin muryarta tana fita daidai, kamar rediyon da aka kunna a ɗakin wani. Sannan ta ce, "Yanzu Kaka za ta nuna mana jiya."

Inna ta tsaya a gaban bahunan, ta dube su, ta dubi yaran. Ba ta motsa ba. Malama ta ga Yaya ya gyara zama, ta ce a ranta to, yau dai an zo wurin. Ta matsa ta kama hannun uwarta ta tsoma shi cikin bokitin, kamar mai son ta ji ko ruwan da sanyi.

Sai hannun ya tuna. Inna ta naɗe hannun riga, ta ja bokitin gabanta, ta ɗago kai, muryarta ta dawo irin ta da, mai sa yaro ya miƙe ba shiri.

"Ku ji nan. Ruwan gida sauka yake yi daki-daki. Na farko na baki ne, a ɗebe shi a rufe kafin a taɓa komai. Sai na ɗauraya. Na ɗauraya in ya gaji ya koma na wanki. Na wanki ya koma na goge ƙasa. Na ƙarshe na shuka ne. Ba ya komawa baya. Ke mai gilashi, me na ce?"

"Ba ya komawa baya, Kaka."

"Kin ci. Zo ki riƙe min soso."

Ta sa aka kankare maiƙon kwanukan da guntun takarda kafin ruwa ya taɓa su. Ta fara da kofuna, ta bi da faranti, tukunya a ƙarshe, tana yi tana tsokanar yara. Wani da ya cika kumfa ta ce masa da gani a gidansu sabulu a bishiya ake tsinkarsa. Wata da ta ɗaga kofi tana zubo ruwa daga sama ta tambaye ta ko ruwan saman damina take koya. Kafin a ankara kwanuka sun kife a jere suna sheƙi, an goge gaban aji da ruwan wankin, an matse tsumman a bahon ƙarshe, ga kuma saura a gindin bokiti. Aji ya ɗauki tafi. Shugaba har da juya wayar ta ɗauki fuskar kanta.

A baranda, da aka fita hutun tara, Yaya ya kama kafaɗar Malama, idonsa ya yi ja.

"Ashe tsorata ni kawai aka yi," ya ce. "Ai Inna ta fi ni lafiya. Kin ga yadda ta juya yaran nan? Kamar ina gida ina ɗan yaro. Auta, kin yi ƙoƙari, Allah ya biya ki. A bar ta a ɗakinta, yau ma zan juya."

Shugaba ta ja shi ofis shan shayi. Malama ta tsaya a barandar. Ta ci nasara ke nan, abin da take ta wahala a kansa ya samu. Ta duba cikin ranta ko za ta ga farin ciki, ba ta ga komai ba sai gajiya, da tunanin cewa sai an mayar wa mai abinci kwanukanta kafin yara su yi layi.

Ta koma ajin. Babu kowa sai Inna, ta ba ƙofa baya, ta sunkuya a kan teburin malami. Ta ciro gorar ruwan shanta daga jaka, ta shimfiɗa gefen mayafinta a bakin gorar, tana tsiyaya ruwan bahon ƙarshe a ciki. Ruwan da aka wanke tukunya da shi, aka goge ƙasan aji, aka matse tsumma. Ya yi toka-toka, maiƙo yana yawo a samansa. A hankali take zubawa, hannunta ko rawa ba ya yi, ɗigo ɗaya bai faɗi a teburin ba. Kafin Malama ta ƙetare ajin, Inna ta kai gorar baki ta kurɓa.

"Inna. Wannan ai na shuka ne."

"Shuka ta fi ni ne? Na tace shi."

"Ke kika ce ba ya komawa baya."

Inna ta dube ta kamar ta yi wani yare. Sannan ta miƙo mata gorar, fuskarta cike da tausayi.

"Ungo, sha. Tun ɗazu kike magana, maƙogwaronki ya bushe."

Malama ta karɓa da hannu biyu, ta ce za ta sha anjima. Ta tsaya riƙe da gorar tana kallon ruwan. A nan ta gane gorunan firji masu duhu-duhu. Ta gane ciwon cikin da ya ƙi jin magani, da ramar da take cewa ta tsufa ce. Duk ruwan da take matsewa a tayil da safe, in ta bar shi a bokiti tana sauri, ashe ba zubar da shi ake yi ba. Tattalin yana nan daram a jikin Inna, abin da ya ɓace shi ne sanin wane ruwa ne na me. Gas ana iya ɓoye shi a jaka. Fitila ana iya kashewa. Amma ba za ta iya tsayawa a kan uwarta duk lokacin da ƙishirwa ta kama ta ba.

Ta zubar da ruwan a gindin furannin baranda, ta wanke gorar, ta cika ta da na kirki, ta zaunar da Inna a kujerarta. Ta mayar wa mai abinci kwanukanta, ta yi godiya. Sai da ta gama duk wannan sannan ta nufi inda ake ajiye motoci. Yaya ya riga ya tayar da tasa, yana amsa waya. Ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Yaya, kashe motar."

A tsaye ta faɗa masa, tun daga tukunyar da ta ƙone har gorar ɗazu, ba ta rage komai ba, muryarta ba ta hau ba ta sauka ba. Ta buɗe jaka ta nuna masa kan tukunyar gas. Ya daɗe yana kallonsa.

"Tun yaushe?"

"Ya daɗe."

"Ke kaɗai?"

"Da tela."

Ta so ya yi mata faɗa, ya ce ta kusa kashe musu uwa, ko ta samu abin riƙewa. Bai yi ba. Ya kifa goshi a sitiyari, can ya ɗago ya ce zai kwana, gobe da safe su wuce.

An ce wa Inna jikokinta na gidan Yaya ne suke ta nemanta, za ta je ta gan su. Ta yi murna, ta ce dama ta kwana biyu ba ta ji ɗuminsu ba. Wajen haɗa kaya Yaya ya ɗauko buhun ledojin da Inna ta ninke zai kai bola, Malama ta karɓe ta cusa a gefen akwati. Tela ya rufe shago ya taya su sauko da kaya, bai yi tambaya ba, sai sannu da yake ta yi wa kowa.

Inna ta sauko matakalar da ƙafarta, tana dafa bango. Aka zaunar da ita a baya, Malama ta sunkuya tana gyara mata mayafi kada ƙofa ta kama shi. Inna ta waiwaya ta ga but ɗin motar a buɗe: akwatuna, bargo, tabarmarta, har hoton Baba da aka ciro daga bango. Ta ɗaga kai ta dubi tagar ɗakinta. Idonta ya washe, irin washewar da yake yi wani lokaci ba zato, ta dawo ita ɗin sak.

"Wannan kayan ba na ganin jikoki ba ne," ta ce.

Yaya ya shiga laluben makulli a aljihu, alhali yana hannunsa.

"Auta. Ke kika faɗa masa?"

"E, Inna."

Inna ta gyaɗa kai a hankali. Ta zare hannunta daga na Malama, ta ɗora a kan cinyarta, ta ɗora ɗayan a kai.

"To," ta ce. "Allah ya yi miki albarka."

Ta faɗe shi ne yadda ake faɗa wa baƙon da ya ba ka hanya a kasuwa. Sannan ta juya ta kalli gaba, ta ce wa Yaya su tafi, rana tana yi.

Malama ta rufe ƙofar motar da kanta. Ta tsaya har suka sha kwana. Ta san ta ci amanar uwarta, ta kuma san ko yau aka mayar da ita bakin ƙofar ajin nan, abin da za ta yi ke nan. Tela ya ce ta shigo ta ɗan zauna, ta ce a'a, tana da darasi. Ta gyara jakarta a kafaɗa ta nufi bakin titi.